Littafin da Aka Ɗora a Sikeli

Gabrovo, 12 ga Satumba, 2011

Zuwa ga ƙanwata Zlatka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki da jikokinki.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ciwon sukari ya gama da idanuna tun watan Mayu, haske da duhu kawai nake bambancewa. Na bar gidana, yanzu ina gidan tsofaffi da ke bayan gari, ɗaki ɗaya da wata mata mai suna Nedyalka. Ita ke rubuta wannan, kuma ita za ta karanta mini amsarki idan kin ga dama kin amsa.

Na san shekara tara ke nan ba mu yi magana ba, tun jana'izar Mama. Na kira ki a waya sau biyu, kin kashe. Ba zan tayar da wannan zancen ba. Ni ce babba, babba kuwa juji ne.

Abin da nake nema kaɗan ne. Shekara arba'in na yi ina koyarwa, ban taɓa wuni ban karanta abin da zai ƙara mini ilimi ba. A nan kuwa daga talabijin sai gulma. Ina so ki riƙa yanko mini abin karatu mai amfani daga mujallu kina aiko mini: tarihi, ko rayuwar manyan mutane, ko abin da ya shafi lafiya. Na san ke mai yawan karatu ce, ko da yake ba irin wanda ke kai mutum ko'ina ba. Wannan dama ce gare ki ke ma ki ƙaru.

Ki huta lafiya.
Yayarki,
Paraskeva

Ƙari daga mai rubutu: Ni ce Nedyalka. 'Yar'uwa, ban san ki ba, amma don Allah ki cece ni. Littafi ɗaya ta zo da shi, na dokokin nahawu. Kullum sai na karanta mata shafi goma, in na gama ta yi mini tambayoyi. Shekarata saba'in da huɗu, talatin daga ciki na yi su ina cusa barkono a kwalba a masana'anta. Wane laifi na yi? Ki aiko ko mene ne, in dai akwai mutane a ciki.

*

Burgas, 25 ga Satumba

Yaya Paraskeva,

Na gaishe ki, don Mama ta koya mana gaisuwa. Ina gaida Nedyalka, Allah ya ba ta ladan haƙuri.

Na karanta wasiƙarki sau uku a tsaye a kicin, har barkonon da nake gasawa ya ƙone. Maganar idonki ban ji daɗinta ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma bakinki yana nan yadda na bar shi. Wai ba irin wanda ke kai mutum ko'ina ba! Lallai hali zanen dutse.

Kin ce ba za ki tayar da tsohon zance ba. To ni zan tayar, kuma ba na jana'izar Mama ba. Nedyalka, gyara zama ki ji ko wace ce abokiyar ɗakinki.

Watan Oktoba ne na 1964. Shekarata goma sha huɗu, ita kuma sabuwar malama ce a makarantarmu. Kin san gasar tsohuwar takarda, ke ma kin yi ta: kowane aji ya tara jaridu da kwalaye, a ɗora a sikeli a tsakar makaranta, ajin da ya fi nauyi ya karɓi jar tuta, a liƙa hoton malamarsa a allon yabo. Ajin Yaya ya gaza da kusan kilo huɗu. Sai ta ruga gida lokacin hutun rana, ta hau ɗakin sama inda Mama ke jera tuffa don hunturu, ta juye akwatin littattafan da kakanmu ya bari a buhun dankali. Guda goma sha tara ne.

Goma sha takwas na riga na karance su, waɗannan na yafe. Na goma sha taran ba shi da bango, ɓera ya ci shafukan farko, babu suna, babu marubuci. Na kai shafi na 212, na sa ganyen inabi a wurin, na tafi makaranta zuciyata duk tana can. Da na dawo na hau sama, akwati wayam. Motar masana'anta ta riga ta tafi. Yaya, ajinki ya ci da giram ɗari uku. Na daɗe ina auna littattafai a tafin hannuna, Yaya, kuma na tabbata nawa ne giram ɗari ukun nan.

Da kika same ni ina kuka kika ce, “Me kika koya a cikinsa? Faɗi abu ɗaya.” Na kasa. Kika ce, “Kin gani? Shara ce, yau ta yi rana.”

Shekara arba'in da bakwai ina nemansa. Babu shagon tsofaffin littattafai daga nan har Sofiya da ban shiga na ba da labarinsa ba, ana kallona kamar wadda ta zare. Marigayi mijina Marin, wanda kika kira jakin tashar jirgin ruwa kika ƙi zuwa aurenmu, ya taɓa ƙarar da hutunsa kaf yana zaga kasuwanni saboda shi. Ban ci jarrabawa ba, gaskiyarki. Wuyan riga na yi ta ɗinki a masana'anta har na tsufa, ina karatuna a motar zuwa aiki, ina dariyata, ina kukana, ba wanda nake wa bayani. Ke kin karanta littafi dubu da fensir a hannu, ban taɓa jin ɗaya ya ba ki dariya ba.

To ga abin karatunki. Zan rubuto miki littafin nan daga kaina, kashi ɗaya kowane mako. Labarin Ilinka ne, 'yar wani mai fataucin gishiri a bakin kogin Danube, wadda kyaftin Radul ya nutsar da jirgin ubanta da uban a ciki, ta aske kanta ta shiga jirginsa da sunan namiji don ta kashe shi. Zan kai ki shafi na 212, in tsaya cak, in bar ki a wurin yadda kika bar ni. Ina faɗa miki tun yau don kar ki ce na yaudare ki. Rama cuta ga macuci ibada ne.

Kashi na farko yana cikin ambulan.

Ki huta lafiya, in za ki iya.
Zlatka

*

Gabrovo, 30 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Zlatka,

Gaisuwa da fatan alheri. Kashi biyar sun iso, an karanta mini.

Game da takarda, aikin ƙasa ne, kuma da irin takardar nan aka buga littattafan da yara suka yi karatu da su. Ba ni da abin da zan ƙara. Mace mai jikoki ta riƙe ƙullin ƙuruciya har yau, abin kunya ne.

Barazanarki kuwa ba ta dame ni ba. Ba don daɗi nake saurara ba, don in gyara miki kurakurai ne, kuma suna da yawa. Ba a kai gishiri ta hanyar da kika ce. A kashi na biyu kyaftin yana da tabo a kumatun hagu, a na huɗu ya koma dama. Har yanzu kuma ban ga inda labarin ya nufa ba ta fuskar tarbiyya.

Tambaya ɗaya, don tsari kawai. Gavril, kukun jirgin nan mai ƙiba da ke yawo da agwagwa a hammata, ya ga Ilinka tana wanka, ya san mace ce. Me ya sa ya yi shiru, har yake ƙara mata nama a miya? Ya san ubanta ne? Wannan giɓi ne, ya kamata a cike shi a kashi na gaba.

Ki huta lafiya.
Paraskeva

Ƙari daga Nedyalka: Ƙarya take sharara miki, kuma ba ta ganin abin da nake rubutawa. Ran Talata tun ƙarfe goma take dasa kujera a bakin ƙofa tana jiran mai kawo wasiƙu. Yanzu a ɗakin cin abinci nake karantawa bayan abincin rana. Mun fara mu uku, jiya mun kai goma sha huɗu, an kashe talabijin ba wanda ya ce uffan. Akwai Bai Stamen, tsohon direban jirgin ƙasa, shekararsa tamanin da takwas, shi kukun nan ne mutuminsa. Da aka zo inda matuƙa suka so yanka agwagwar, Gavril ya tsare ƙofar kicin da ludayi, sai Bai Stamen ya buga sanda ya ce, “Haka ne, ɗan'uwa! Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi!” Penka mai haƙoran roba ta ce, “Kai da ba ka iya tashi sai an ɗaga ka?” Ya ce, “Ai sai ki ɗaga ni, ko me ye amfaninki?” Yayarki kuwa ta daka tsawa, “Ku yi mana shiru, ba a jin komai!” Ban karanta musu maganar tsayawa a hanya ba. Na san wasa kike.

*

Burgas, 11 ga Disamba

Yaya Paraskeva,

Na gaishe ki, da duk jama'ar ɗakin cin abinci.

Tabon yana kumatun hagu, na gode da gyara. Na lura dai wasiƙunki uku na baya babu gyara ko ɗaya a cikinsu, sai “sannan me ya faru?” Ashe malama ma tana da makogwaro.

Ga kashi na goma sha biyu. Kin riga kin san Ilinka ta faɗa son mutumin da ta zo kashewa, kin san ta samu agogon ubanta a akwatinsa. A wannan kashin za ta sauka ɗakin kaya na ƙasan jirgi, inda aka jera gangunan albarushi. Ta buɗe ganga ɗaya, ta cire gilashin fitila, ta tsaya da wutar a hannunta. Sai ta ji taku a kan tsani. Takalman kyaftin suka bayyana, sannan gwiwoyinsa, sai muryarsa ta kira ta da sunanta na gaskiya, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa a jirgin ba.

Nan shafi na 212 ya ƙare.

Nedyalka, ba wasa nake ba. Ba ɓoyewa nake yi ba kuma, ba ni da shi ne. Ragowar ta zama kwalin ƙwai ko takardar naɗe cuku tun kafin a haifi 'yata. Duk mai son jin ƙarshe ya tambayi wadda ta karɓi jar tuta.

Yaya, yanzu za ki san yadda ake wanke kwano da tambaya a rai, a kwanta da ita, a tashi da ita. Ni na yi shekara arba'in da bakwai. Ke ba ki da yawan haka a gaba, kin ga har rangwame kika samu.

Barka da Kirsimeti.
Zlatka

*

Gabrovo, 9 ga Janairu, 2012

Zlatka,

Ni ce Nedyalka, da kaina, ba a sa ni ba. Ina gaishe ki, amma gaisuwar ba ta kai zuci ba.

Ke wace irin mace ce? Kin zo jifar yayarki kin fasa kan mutum goma sha huɗu. Ranar da na kai ƙarshen takardar nan na juya bayanta, na girgiza ambulan, kowa ya zuba mini ido. Penka ta ce, “To, ci gaba mana.” Na ce babu. Ta ce, “Kamar ya babu? Kin zauna a kai ne?” Dole na ɗauko wasiƙarki ta Satumba na karanta musu daga farko har ƙarshe.

Sai suka juya kan Paraskeva. Mako uku ba mai zama teburinta. In ta lalubo bango za ta wuce, sai ki ji wani ya ce, “A ɓoye jaridu, ga ta nan.” Penka ta sa mata suna Malama Kilo Huɗu. Ita kuwa ko gezau a fuska, amma ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san ba ta cin rabin abincinta. Ban ce ba ta yi laifi ba. Da ni ta yi wa haka da tuni na cusa ta a kwalba.

Ana cikin haka sanyi ya kama ƙirjin Bai Stamen, ya kwanta. Likita ta zo ta duba shi, ta fita, mu kuma muka gane ba tashi zai yi ba. Muka je gaishe shi da hantsi, ya riƙe hannuna ya ce, “Nedyalka, mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma in tafi in bar yarinyar nan tsaye da wuta a hannu? Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa barin fasinja tsakanin tasha da tasha ba.”

Yayarki tana bakin ƙofa, ba mu ma san ta biyo mu ba. Sai muka ji ta ce, “Na san ƙarshensa.”

Penka ta ce, “Kin ci gidanku, daga ina?”

Yayarki ta ce ranar gasar motar masana'anta ta yi latti, aka bar ta gadin tarin takarda awa biyu. Littafin ya faɗo daga buhu ya buɗe daidai inda ganyen inabi yake. Ta ce ta duba ne don ta ga irin sharar da ke lalata ƙanwarta, ba ta ɗago kai ba sai da ta kai shafin ƙarshe, sannan ta jefa shi a mota. Kunya ce ta hana ta faɗa duk shekarun nan.

Aka jawo mata kujera kusa da gadonsa. Yini biyu tana ba da shi, bayan abincin rana, mutane har kan dakalin taga. Zlatka, ban san matar nan tana da irin wannan muryar ba. Ta yi muryar kyaftin, ta yi ta kuku, har kukan agwagwa ta yi. Penka ta yi kuka har haƙoranta suka faɗo a cinyarta. Bai Stamen ya ce, “Yauwa. Mun iso.” Bayan kwana huɗu ya rasu, mun binne shi ran Asabar cikin dusar ƙanƙara.

Yanzu mutum goma sha uku a gidan nan sun san yadda labarinki ya ƙare, har da mai shara. Ke kaɗai ce ba ki sani ba. Mun ɗora hannu a kan burodi mun rantse ba wanda zai faɗa miki sai da izininta. Shi ya sa ake cewa ramin mugunta a gina shi gajere.

Ki zauna lafiya.
Nedyalka

*

Burgas, 20 ga Fabrairu

Yaya,

Na gaishe ki. Allah ya ji ƙan Bai Stamen. Ban nufe shi da sharri ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Wasiƙa shida na rubuta na yaga. Kin sani? Kin sani, kika zauna kusa da ni a teburin Mama shekara da shekaru kina miƙo mini gishiri? Kin ga ina shiga shaguna kamar mabaraciya, kin ji Marin ya ƙarar da hutunsa, kika yi shiru? Na ɗauka na san iyakar muguntarki, ashe bakin kogin kawai na gani.

Ban yafe ba. Amma tun watan jiya komai na ɗauka sai ya faɗi daga hannuna, littafi ma na kasa karantawa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba ko a makon da na binne mijina.

Kin ci. Ina roƙonki, ki faɗa mini.

Ƙanwarki,
Zlatka

*

Gabrovo, 2 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Zlatka,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sa an karanta mini layinki na ƙarshe sau huɗu. Tun kina cikin zanen goyo ban taɓa jin kin roƙi kowa ba. Na so in bar ki ki ƙara dahuwa har bikin Ista, amma Nedyalka ta ce in na yi haka ba za ta ƙara rubuta mini ko harafi ba. Ga shi a taƙaice.

Kyaftin ya sauko ya tsaya. Ya ce tun ranar farko ya gane ta, domin idon ubanta ne a fuskarta. Bai musa laifinsa ba, bai nemi gafara ba. Ya ce, “Ki bari matuƙa su sauka tukuna, sannan ki saki wutar. Ni zan tsaya.” Ilinka ta tsaya da wutar a hannu. Ba ta saki ba, ba ta kuma kashe ba.

Ana haka sai agwagwar ta kuɓuce daga kicin, ta faɗo ta ƙofar sama da fukafukai a buɗe, ta bugi hannun Ilinka. Fitila ta faɗa kan ciyawar da aka shimfiɗa tsakanin ganguna. Gavril ne ya biyo dabbarsa ya tarar da wuta. Ya ɗaga Ilinka kamar buhun gari ya tura ta sama, ya sharara wa kyaftin mari ya ce, “Hau, wawa, ba yau za ka yi jarumta a jirgin da nake dafa abinci ba.” Ya miƙa wa Ilinka agwagwar ya ce, “Ba ta cin burodi mai tsami.” Sannan ya ja ƙofar ya rufe a kansa.

Ta ƙaramar tagar lodi ya yi ta mirgina ganguna cikin kogi, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirgawa daga sama. Goma sha ɗaya suka faɗa ruwa. Ta goma sha biyu ce ta tashi da shi. Jirgi ya tsira da rami a gefe, mutum talatin suka kai gaɓa. An yi kwana uku ana nema, ba a samu gawarsa ba.

Ilinka ba ta kashe kyaftin ba, ba ta kuma aure shi ba. Ta buɗe gidan abinci a bakin kogi. Duk shekara yana zuwa sau ɗaya, ya ci miya, ya biya, ya tafi, ba su cewa komai. Agwagwar ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya, ba wanda ya taɓa ta.

Shi ke nan. Na duba ta ko'ina, babu darasi a ciki. Yanzu ba na bin ki, ba kya bi na.

Ki huta lafiya.
Yayarki,
Paraskeva

*

Burgas, 10 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Nedyalka, wannan a ɗaki za ki karanta, ki rufe ƙofa, kuma kar ya fita daga bakinki.

Yaya, ke maƙaryaciya ce.

Babu kuku a littafin nan. Babu Gavril, babu agwagwa, babu ludayi. Ni na sa shi, a kashi na uku, don na manta yadda Ilinka ta yi ta ɓoye kanta, sai na nemo mata mai rufa asiri. Ban kuwa je nesa ba. Marin ne. Ƙibarsa ce, bakinsa ne. Shi ne ya sayo agwagwa don Kirsimeti ya kasa yankawa, ta zauna mana a baranda shekara shida maƙwabta suna zaginmu. Da kin taɓa taka gidana sau ɗaya da kin gane shi tun layin farko.

Don haka ba ki karanta komai ba. Ƙarshen littafina ya tafi, ba zan taɓa saninsa ba, kuma yau ne na yarda da hakan. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban ƙarasa ba ina 'yar shekara goma sha huɗu.

Da na ga dama da na sa an karanta wannan a ɗakin cin abinci, in ga inda za ki sa fuskarki. Saboda Bai Stamen na bar ki. Amma ba za ki sha a banza ba. Mutumin da kika kira jaki, kin mai da shi gwarzo, kin sa ɗaki guda ya yi masa kuka, sannan kin kashe mini shi karo na biyu. Wa ya ba ki izini?

Ga hukuncinki. Da bakinki kika ce ba a samu gawa ba. To ki tashe shi. Ban damu da yadda za ki yi ba. Kashi ɗaya kowane mako, ranar Juma'a ya same ni, har sai ɗayarmu ta mutu. Ranar da kika fasa, Penka za ta samu wasiƙa daga gare ni.

Ki huta lafiya, kina da aiki.
Zlatka

*

Gabrovo, 15 ga Maris

Zlatka,

Na gaishe ki.

Ban buɗe littafin ba, ko shafi ɗaya. Na ga ganyen yana leƙowa, na san abin da yake nufi, na ɗora shi a sikeli. Ban taɓa mantawa ba.

Na karɓi hukunci. Kashi na farko zai iso ran Juma'a ta sama, amma akwai abin da dole in sani kafin in fara, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Marin ya iya iyo?

Ki huta lafiya.
Yayarki,
Paraskeva